Koriyar Ƙofar Wakra

Shekara huɗu Munzali yana tuƙa iyalin wani Balarabe a Doha, kuma babu wurin tarihin da bai kai su ba. Sai dai shi iyakarsa wurin ajiye motoci. Su shige ciki, shi ya kwantar da kujera ya jira.

Lokacin korona, da aka kulle gari, labari ya ƙare masa a hirarsu ta waya da matarsa Safura, wadda ke Gusau da 'yarsu Jannat. Sai ya fara ba ta labarin Wakra, tsohon garin masunta da ke kudu da Doha. Yawancin abin da ya faɗa daga bakin Hajiyar gidan ya ji, tsohuwar da ke zama a kujerar baya tana gaya wa jikokinta yadda mahaifinta yake nutso a teku neman lu'ulu'u, da gidansu mai koriyar ƙofa, da rijiyar bayan masallaci. Sai dai Munzali ya yi ƙari daga aljihunsa. Ya ce, "Ƙofar nan da hannuna na dafa ta."

Da gasar kofin duniya ta zo aka buɗe wa baƙi hanya, Safura ta sauka Doha. Ko jakarta ba ta kwance ba ta ce, "Ni fa ba ƙwallo ta kawo ni ba, Baban Jannat. Wakra za ka kai ni."

Ranar hutunsa, bayan la'asar, suka tafi. A wurin ajiye motoci Munzali ya nuna gwaninta, kai tsaye ya nufi inuwar da ba kowa ya san ta ba. Amma da suka shiga tsohuwar kasuwar garin, lunguna suka rikice masa. Katanga duk kala ɗaya, ƙofofi babu iyaka. Sau uku suna dawowa gaban mai shayi ɗaya.

"Sun yi gyare-gyare," in ji shi, yana goge gumi.

Ana haka sai ga Bawah, wani mai gadi ɗan Ghana da suka saba hira a bakin mota. Ya tsaya yana dariya. "Munzali, yau kai ne a ciki? Wa ka bar wa motar? Shekara nawa ina cewa ka shigo ka ga wuri."

Safura ta dubi mijinta. Munzali ya dubi takalminsa.

"Rijiyar nan?" ta tambaya a hankali.

"Ta Hajiya ce."

"Ƙofar fa?"

"Ita ma."

"Iskar tekun da ka ce tana ƙanshin gishiri?"

"Wannan kam tawa ce. Ta tagar mota take shigowa."

Munzali ya fara tunanin yadda kwana goman da suka rage mata a Doha za su kasance. Can ta gyara mayafinta ta ce, "Na riga na gaya wa Jannat babanta ya dafa ƙofar nan, ita kuma ta gaya wa duk 'yan ajinsu. Faɗa min yadda Hajiya ta kwatanta, ba yadda kai ka gyara ba."

Ya rufe ido ya tuno muryar tsohuwar. Daga ƙaramin masallaci, a juya wa teku baya, lungu na biyu.

Safura ce ta shige gaba. Suka wuce jiragen ruwa na katako da aka jingine a yashi, suka sami masallacin, suka ƙirga lungu. Ga ta nan kuwa, ƙofa gajera, fentinta ya koɗe, sai an matsa kusa ake gane koriya ce.

"Kai da ka ce ta fi ka tsawo," ta ce.

Ta kama hannunsa ta ɗora a kan katakon, sannan ta ja da baya ta ɗaga waya.

"Dafa da kyau, Malam direba. Kada ka motsa sai na ɗauka."