Mai Takalmi Ya Zo

Ranar da aka sallamo mijinta daga asibiti, ɓarin jikinsa a shanye, yayansa ya zo dubiya. Ya yi sannu sau biyu, sannan ya jawo takalman fatar da ke ƙarƙashin gado ya gwada.

"Kamar don ni aka yi su," in ji shi. "Shi da tafiya kuma ai sai a lahira."

Ya fita da su a ƙafarsa. Ta share wa mijin hawaye da bakin zaninta, ta ƙulla abin a ranta.

Wata bakwai tana tayar da shi kowace safiya, daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa bakin famfo. In ya ce ya gaji, sai ta ce, "Yaya na can yana taka takalmanka." Sai ya cije leɓe ya ƙara taku uku.

Ranar da ya kai bakin titi ba sanda, ta hana shi sa silifas. Haka suka taka har shagon yayan, suka tarar da shi cike da masu sayayya.

"Yaya, ina wuni," ta ce, har da rusunawa. "Mai takalmi ne ya zo da ƙafarsa."

Yayan ya yi dariyar yaƙe. "Bari in na koma gida."

"A'a, Yaya. Ƙasa da zafi, ga shi mara lafiya ne."

Sai da ya cire. Ta durƙusa tana ɗaura wa mijinta igiyar a hankali, ba ta ko sauri, yayan na tsaye da yagaggiyar safa, babban yatsansa a waje.