Ruwan Bayan Haruna

Damina ta yi nisa lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ɗan Hajo, Haruna mai ɗinkin manyan riguna a Kwarbai. An ɗauka na kwana biyu ne, aka jiƙa masa saiwoyi. Sai ya fara kiran mahaifiyarsa da sunan yayarsa da ta daɗe da rasuwa. Ranar da ya faɗi yana karkarwa, Hajo ta sa aka ɗauke shi a amalanke zuwa asibitin da ke wajen ganuwa.

Likita ya ce sai an tsiyayi ruwa daga ƙashin bayansa. Baffanninsa suka ƙi, wai wanda aka huda wa baya ba ya sake miƙewa. Hajo ta dubi ɗanta, wanda ko koko ba ya iya haɗiyewa, ta ce a yi.

Malam Mustapha na ɗakin gwaji ya fito da 'yar kwalbar da aka tsiyayi ruwan a ciki ya nuna mata. Ruwan garau yake. Ya ce da sanƙarau ne da ya gurɓace, kuma da suna da maganinsa. Ƙwayar wannan cutar kuwa madubinsu na gwaji ba ya ganinta. Za a sa ruwan da jininsa cikin ƙanƙara a tura Ikko ta jirgin ƙasa, in an yi makonni a ɗebi wani jinin a kwatanta.

"To kafin nan fa?" in ji Hajo.

"Kafin nan, Inna, sai jinya da addu'a."

Ita ta riƙa juya shi, tana ɗiga masa ruwa da cokali, har ya buɗe ido ya gane ta. Ya tashi, ya taka, amma hannunsa na dama bai daina rawa ba, allura ta gagare shi.

Sai da aka yi girbi amsa ta zo. Kumburin ƙwaƙwalwa ne, irin wanda ake zargin sauro ke kawowa, kuma ba shi da magani. Hajo ta tambayi amfanin sanin. Malam Mustapha ya ce suna so su ɗebi jinin mutanen unguwar su ga iyakar inda cutar ta kai, amma mata sun ƙi yarda.

Washegari Hajo ta yafa mayafinta ta shiga lungu, gida bayan gida. Wasu suka saurare ta, wasu suka ce mata miji ba ya nan. Da aka zo ɗiba, ita ta fara miƙa hannu.