Shanun Ɗan Fari

A wurin Nasara sunansa Pol. Sunan da aka raɗa masa ranar suna kuwa Mutari ne, amma rabonsa da jin an kira shi haka tun yana ɗan ƙarami, ranar da wani gardi, ɗan sandan Nasara, ya zo rugarsu kusa da Dogo-Dogo ya ɗora shi a kan doki. Ubansa sojan Faransa ne da ya yi zama a barikin Magarya, ya koma ƙasarsu kafin a haife shi. A Damagaram aka ajiye shi, a gidan da ake tara ƴaƴan ruwa-biyu, aka sa shi lakwal, wato makarantar boko, ya fito malamin allurar shanu. Da aka turo shi aiki Magarya, abu guda ne a ransa: ya ga uwarsa Fadi, ya ji ko tana sonsa.

Bayan girbi aka tura shi yi wa shanun yankin Dogo-Dogo allura. Ya yi ta tambaya har aka nuna masa gidan kawunsa Gidaɗo, wan uwarsa. Dattijon ya dube shi daga hular hana-salla har takalmi, ya riƙe hannunsa bai saki da wuri ba.

"Kai ne," in ji shi. "Goshin nan namu ne. Zauna."

Aka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin gawo. Can sai wata mace doguwa, siririya, ta fito da ƙwaryar nono. Pol ya miƙe tsaye kamar yadda aka koya masa a lakwal.

"Inna," ya ce, "ni ne Mutari."

Ba ta ɗago ido ba. Ta ajiye ƙwaryar nesa da shi kaɗan, ta juya wajen wata matashiya da ke biye da ita.

"Indo, ki ce wa baƙon nan ya sha."

Ta koma bayan danga. Har rana ta yi sanyi ba ta sake fitowa ba. Ya riƙa hango gefen zanenta ta tsakanin kara, ya ce a ransa kunyar fatarsa take ji, ba ta son a tuna mata.

Da safe Gidaɗo ya ja shi zuwa garke. Ya ware wasu jajayen shanu gefe guda, manya da ƙanana.

"Ranar sunanka uwarka ta ba ka karsana. Ta mutu tuni, amma ga ƴaƴanta da jikokinta. Naka ne. Ka faɗi yadda kake so a yi da su."

Pol ya dubi shanun, ya dubi bukkokin, ya dubi rumbun da bai cika ba. Ya ga kamar so ake a sallame shi, a ba shi nasa ya tafi. Bai kuma so a ce ɗan Nasara ya zo kwashe dukiyar talakawa ba.

"Kawu, ban zo don shanu ba. Ina da aikina, ba abin da na rasa. Ku riƙe abinku."

"Abinmu?"

"I. Ni ba ni da komai a nan."

Gidaɗo ya goga sandarsa a ƙasa.

"To," ya ce.

Da hantsi Pol ya hau dokinsa. Ba wanda ya ce ya ƙara kwana.

Sai da damina ta zo ta wuce kafin ya sake haɗuwa da wani daga gidan. Ranar kasuwar Dungas ce. Yana wucewa ta layin masu man shanu ya ji an kira shi irin kiran da ake wa Faransawa, "Mushe Pol, mai ƙin dukiya, ba gaisuwa?"

Indo ce, ɗiyar Gidaɗo, taubashiyarsa.

"Kin gane ni ashe."

"Wa zai ɓata ka? Kai kaɗai ne ja kamar an fere rogo. Tsuguna, ba zan ɗaga wuya don na yi magana da ɗan mace ba."

Ya tsuguna, suka gaisa. Ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya tambayi lafiyar Inna.

"Tana nan yadda ka bar ta. Wai ni kam, a lakwal ɗin nan me suka koya muku? Goggo ta kwana tana dama maka fura, ta hana kowa taɓawa, ka tashi ka ce ba ka da komai a gidan."

"Ko kallona ba ta yi ba, Indo. Baƙo ta kira ni."

Indo ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"To me za ta kira ka? Kai ne ɗan farinta. Ka taɓa ganin Bafillatana ta kama sunan ɗan fari, ko ta zauna hira da shi a gaban mutane? Ni nan uwata ba ta taɓa faɗin sunana ba, kuma ni ba ja ba ce."

Ta ɗauki ludayin, ta ci gaba.

"Shanun nan ita ke tatsarsu da hannunta. Shekarar da fara ta cinye gero, Baba ya ce a sayar da biyu, ta ce ba nata ba ne, mai su zai zo. Ga shi kuma ka zo."

"Zan koma in karɓa."

"Karɓar me? Da ka ce ba ka so, ta sa aka kira dattawa, aka raba wa ƙannenka. Tamu ya yi aure da nasa. Bappa ya wuce da nasa wajen Kazaure. Abin da aka raba gaban dattawa ba ya dawowa." Ta rufe ƙwaryar man. "Kuma kai ma an ce za ka tashi."

Gaskiya ne. Kumanda, Baturen mulki, ya riga ya gaya masa an maida shi Tawa, kuma kamyo, babbar motar da za ta kai shi, zai tashi a ƙarshen mako.

Ya bi ta zuwa gida ranar, yana jan dokinsa, ita tana gaba da kayanta a kai. Gidaɗo ya amsa sallamarsa, ya sa aka shimfiɗa tabarma, bai yi zancen shanu ba. Pol ya nemi a kai tabarmar jikin danga. Ta ɗaya gefen yana jin motsin tsintsiya, sannan motsin ya tsaya. Indo ta zauna a bakin ƙofa, inda za ta ga kowannensu.

Sannan muryar Fadi ta fito, ƙasa-ƙasa.

"Indo, ki tambaye shi, ranar da aka tafi da shi, an ba shi ruwa a hanya?"

Bai tuna ba. Ya buɗe baki zai ce Inna, ya fasa.

"Ki ce mata an ba ni."

"Ki tambaye shi, suna dukansa a can?"

Ya tuna bulalar da ya sha duk ranar da aka ji ya yi Fillanci, har Fillancin ya bar bakinsa.

"Ki ce mata a'a."

"Ƙarya yake," in ji Indo. "Dubi kunnensa, ya ƙara ja."

"Bar shi," Fadi ta ce. "Yana salla?"

"Ki ce mata ina koyo."

"Wa ke dafa masa abinci?"

"Ki ce mata ni da kaina."

Ya ji ta ja numfashi. Tambayoyin suka ci gaba, ƙanana ƙanana, na ciwon kai da bargo da ko yana cin yaji. Shi ma yana da nasa, waɗanda ya tara tun yana yaro, amma ya ga ba ta hanyar Indo za su bi ba, kuma wata hanyar babu.

Da la'asar ya ce a gaya mata an maida shi Tawa.

"Tawa da nisa?" Fadi ta tambayi Indo.

"Da nisa, Goggo."



"Da yana da ko saniya guda a nan, da dole ya riƙa zuwa duba ta," in ji Fadi. Ba Indo take gaya wa ba, ba kuma shi ba.

Indo ta dube shi, a karon nan ba ta yi tsokana ba. Ya zauna yana jira ko za a ƙara wata tambaya. Can ya ji an ɗauki tsintsiya an ci gaba da shara.