Auta da Mai Agogo

Ƙafafu huɗu suna harbin iska, baki yana fidda kumfa: a haka Mai Agogo ya tarar da Auta a ƙarƙashin teburin cin abinci, da hantsin ranar Talata. Ya kira sunansa sau uku. Idanun a buɗe suke, amma ba su san shi ba. Da jijjigar ta lafa, karen ya miƙe yana tangaɗi, ya yi karo da ƙafar kujera, ya tsaya yana kallon bango kamar baƙo a gidan da ya shekara shida a ciki.

Auta ɗan mitsitsin kare ne, irin waɗanda ba sa girma, bai fi takalmin babban mutum ba. Na marigayiya matarsa ne. Wasu mutane da ta yi wa jinya a asibiti suka bar mata shi da za su tashi, ita kuwa ta raɗa masa Auta, abin da ya sa autar gaske, 'yarsu malamar makaranta, ta yi wata guda tana cika tana batsewa. Mai Agogo bai taɓa son karen ba. Ya sha faɗa a kan gashi a kujera, ya sha cewa kare na ƙofar gida ne. Sai ga shi an kai matar makwancinta, 'yan ta'aziyya sun watse, gida ya rage daga shi sai wannan abin da ke bin sa ɗaki-ɗaki. Yanzu da shi yake hira.

'Yar ce ta kai su asibitin dabbobi. A mota ta sake tayar da zancen da ta shekara tana yi: ta gyara masa ɗaki a wurinta, ya dawo kusa da jikoki, mutum mai shekara saba'in da uku da ciwon suga bai kamata ya zauna shi kaɗai ba. Ya san ginin nata, hawa na uku, kuma mai ginin ba ya yarda ko da kyanwa. Ya ce mata, kamar kullum, ranar da ya kasa kula da kansa shi da bakinsa zai faɗa.

Likitar ta ɗora Auta a sikeli: kilo biyu da 'yan kai. Ta haska idanunsa, ta ɗaga leɓensa ta duba dasashi, sannan ta yi musu bayani a tsanake. Ta ce farfaɗiya a ƙananan karnuka hanyoyinta da yawa. Wani gado ne. Wani ana haifarsa da hantar da ba ta tace jini yadda ya kamata, wani ruwa ke taruwa masa a ka, wani faɗuwa ya yi ya bugu. Amma waɗannan sun fi nuna kansu tun kare yana ƙarami, shi kuwa wannan ya manyanta, don haka ta fi zargin wani abu ya ci. Ta tambayi maganin ɓera, babu. Maganin kaska na manyan karnuka, babu. Cakulan, babu. Da sakamakon jini ya fito ta ce sugansa ya yi ƙasa sosai, ta ɗago ta dube su.

"Akwai mai shan maganin suga a gidan?"

"Baba ne," in ji 'yar.

"Baba, ko ƙwaya takan faɗi? Guda ɗaya ta isa. Abin da aka auna wa mutum ya fi ƙarfin kilo biyu."

Mai Agogo ya cusa hannuwansa cikin aljihu.

"Likita, shekara arba'in ina ɗaukar ƙusar agogo da hantsaki, wadda ke ba za ki gan ta ba sai da gilashi. Ni abu ba ya faɗuwa a hannuna."

'Yar ta yi murmushi, don gaskiya ce da ta tashi da ita. Likitar ba ta ja ba. Ta ce a dawo mako mai zuwa a gwada hanta, kuma in abin ya sake tashi a shafa masa zuma a dasashi, a kawo shi nan take.

Amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Wata biyar ke nan hannun dama yana rawa, musamman da safe. Shi ya sa ya daina shan shayi a gaban mutane, shi ya sa agogon bangon falo ya tsaya bai gyara ba, yana cewa kayan gyaran ne babu. Ƙwaya ta sha faɗuwa. Yakan ce ta gangara ƙarƙashin kabad, ya ɗauki wata. Sai da likitar ta yi tambayar nan ya gane inda ƙwayoyin suke tafiya, kuma ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba.

Ranar Laraba ya yi dabara, ya buɗe kwalbar a kan faranti, aka rabu lafiya. Ranar Alhamis ƙwayar ta daki gefen farantin, ta yi tsalle, ta bar tebur.

Masu gyaran agogo suna da doka guda da ake koya wa kowa tun ranar farko: in abu ya faɗi, kada ka motsa ƙafa, kada ka waiwaya, tsaya cak ka saurari inda ya sauka. Sabo turken wawa. Mai Agogo ya ƙame, ya karkata kunne, ya ji 'yar ƙara a gefen ƙafar tebur, ya san wurin daidai. Shi kuwa Auta tasa dokar daban ce, marigayiya ce ta koya masa da ɓarɓashin burodi: duk abin da ya taɓa ƙasa nasa ne. Kafin tsohon ya sunkuya, karen yana lasar baki yana kaɗa wutsiya.

Wayar tana kan tebur. Ya zauna yana kallonta, gaba kura baya sayaki. In ya kira 'yarsa, gidan ya tafi, da kujerar matarsa, da tagar da ya yi aiki a gabanta. Ya ce wataƙila yau farfaɗiyar ba za ta kama Auta ba. Ya zuba masa abinci fiye da kullum. Awa guda cur ya yi yana lallashin kansa, kuma wannan awar ce bai yafe wa kansa ba har yau.

Wannan karon jijjigar ta fi ta farko. Ya durƙusa da kwalbar zuma, yatsansa yana rawa, bakin karen yana rawa, ya shafa a hanci, ya shafa a gashi, da ƙyar ya sami dasashin. Da hannu mai danƙo ya danna lambar 'yarsa, sai a karo na uku ya dace.

A bencin asibiti, an shiga da Auta ana ƙara masa ruwa, ya zaro hannuwansa daga aljihu ya miƙa su a gaban 'yarsa. Bai yi ƙoƙarin tsayar da su ba.

"Kin gani. Ni ne. Ba hantarsa ba ce."

Ta daɗe tana kallonsu. Ba ta ce ai na faɗa ba, kuma da ta faɗa da ya fi masa sauƙi. Ta kama su ta riƙe.

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun kafin agogon falo ya tsaya."

Auta ya rayu. Wata ma'aikaciyar asibitin mai gida da fili ta karɓe shi, kuma labari yana zuwa cewa farfaɗiyar ba ta sake dawowa ba, har ya yi ƙiba. Kowa ya ce an yi sa'a. Mai Agogo ma ya ce haka.

Ɗakin hawa na uku yana da haske, yana da tsabta. Kowace safiya kafin ta tafi makaranta 'yar takan kawo masa ƙwayar da kofin ruwa, ta tsaya sai ya haɗiye. Wata rana ta makara, ta ajiye masa a tafin hannu ta fita da sauri. Hannun ya yi halinsa. Ya tsaya cak, ya karkata kunne, ya ji ta sauka kusa da ƙafar gado. Ya ci gaba da saurare, yana jiran ƙarar 'yan farata a kan tayil.

Da 'yar ta dawo da yamma, ƙwayar tana nan inda ta faɗi.