Gashin Wuyan Zakarana

Tun da aka kawo ni gidan mijina Niyat Wali a kwarin Phander, ban taɓa ganin zakarana da cikakken gashin wuya ba. Da ya fara kyau sai mutumin nan ya lallaɓa ya fige, ya naɗe a ƙugiya ya yi ƙwaron ƙarya, wai da shi ake yaudarar tirawut, kifin nan mai ɗige-ɗigen ja. To da zai kawo kifin gida ma da sauƙi. Ina! Ya wuni tsaye cikin kogi mai sanyin ƙanƙara, ya kama, ya ƙare masa kallo, ya saki. Har ƙayar ƙugiyar yake dannewa da filaya don kada kifi ya ji ciwo.

"Baban Shirin," nakan ce masa, "tsakaninka da kifin nan wa ke kiwon wani? Zakarana tsirara, tukunyata wayam."

"Kifin da aka soya sau ɗaya ake kama shi, tsohuwa."

Bara idonsa ya tafi. Likita a birnin Gilgit ya ce jijiya ce, ba magani. Ranar da ya kasa zura zare a ƙugiya, ya soke sandar fatsarsa a rufin ɗaki ya juya fuska bango. Shayin gishiri ya huce a gabansa, gurasa ta bushe. Wallahi na ji tsoro. Na ga maza a kwarin nan da suka kwanta haka ba su sake tashi ba. Zakara kuwa ya cika gashi yana yawo da taƙama, ganinsa ma haushi yake ba ni.

Ni mai ɗinkin hula ce, zare ba baƙona ba ne. Wata safiya na danne zakaran na fige shi da kaina, na naɗa a ƙugiya da jan siliki, na sa wa maigida a tafin hannu.

Ya murza, ya sake murzawa. "Wannan ƙwaro ne ko tsintsiya?"

"Tashi ka tambayi kifin. In kuma tsoro kake ji, ka faɗa."

Da hantsi na ji yana lalube yana neman takalmansa.

Na ja shi har bakin kogi, inda ruwa ke kewaya wani baƙin dutse. Jifan farko ƙugiyar ta kama mayafina.

"Sannu da babban kamu," na ce.

"Wannan na daɗe da kama ta. Ita ce ta ƙi sakuwa."

Ya karkata kunne wajen ruwa ya sake jefawa, ya sake. Can sai sandar ta lanƙwashe. Na ga bayansa ya miƙe, kafaɗun nan sun dawo inda na san su. Ya ja, ya sassauta, har kifin ya gaji ya kwanto kusa da ƙafafuna.

"Jiƙa hannunki tukuna," ya ce. "Busasshen hannu yana ƙona musu fata."

Na tallabe shi cikin ruwa. Ya kai tsawon kamu ɗaya, ƙiba kamar ɗan gata, yana numfashi a tafina.

"Ki tafi da shi," ya ce a hankali. "Kin daɗe kina roƙo. Ni dai na gama, wannan ne na ƙarshe."

Ga mai ga albasa a gida, kuma ba zan ɓoye ba, yawuna ya tsinke. Amma kalmar nan ta ƙarshe ban yarda da ita ba. Na zare ƙugiyar, na juya kan kifin wajen da ruwa ke tahowa yadda na sha ganin yana yi, har ya motsa wutsiya. Na buɗe hannu.

"Ya suɓuce," na ce.

"Ƙarya kike, Maman Shirin. Sai da kika bari ya huta."

"To ka ji. In kana so in soya, ka dawo gobe ka kamo shi."

Ya goge fuska da hannun riga, ya miƙo mini hannu in ja shi.

"Da sauran gashi a wuyan zakaran nan?"