Kunkurun da Yaya Yuedi Ta Saka a Kogi

Shekara ashirin da biyu ina kiwon kunkurun ruwa a ƙauyenmu na Deqing, amma sai da mijina Genfa ya kwanta ciwo na gane ashe ko a gidana ba a ɗauki sana'ata a bakin komai ba.

An yi masa aiki a ciki, aka sallamo shi ya rame kamar tsinke. Likita ya ce a ba shi abinci mai laushi mai gina jiki. To, me ya kai romon kunkuru? Akwai guda da na ware a tafkin bayan gida, shekara shida yana cin dodon koɗi da ƙananan kifi. Tun yana ɗan mitsitsi na yi masa tsaga biyu a gefen ƙoƙon bayansa, don kada ya shige cikin na sayarwa. Na kamo shi, na sa a bokiti ya kwana biyu cikinsa ya wanke.

Na dawo daga kasuwa, bokiti wayam.

"Ni na ɗauka," in ji Yaya Yuedi, yayar mijina, tana jan carbi ko kallona ba ta yi. "Na sake shi a kogi, gaban ɗakin ibada. In an 'yanta rai, ana ƙara wa majinyaci kwana. Ke ban da wuƙa me kika sani?"

"Haba Yaya! Shekara shida fa!"

"Ƙanina ya fi shekara shida."

Genfa kuwa har da hawaye. Ya ce muddin kunkurun nan yana iyo a kogi, shi ma yana nan da ransa. Amma abinci ya ƙi shiga. Na yanka wani daga tafki na dafa, ya kau da kai. Kwana tara daga ruwan shinkafa sai ruwan shinkafa, ina kallo yana ƙarewa.

Sai ga ɗanmu Jianbo daga birnin Hangzhou, da takalminsa mai ƙyalli.

"Mama, ki daina ɗura masa na tafki. Kowa ya san na kiwo magani ne kawai da kitse, ba abin da yake ƙara wa jiki. Bari in samo wa Baba na kogi, na asali."

Ka ji ɗan da kuɗin kunkurun kiwo suka kai makaranta! Uban kuma, wanda muka haƙa tafkunan nan tare, ya ɗago kai ya ce, "In na kogi ne zan sha."

Kowa a garin nan ya san masunta suna kafa raga a ƙarƙashin gada, ƙasa kaɗan da ɗakin ibada. Abin da masu neman lada suka saka da safe, shi suke sayar wa 'yan birni da yamma. Can Jianbo ya nufa, ya dawo yana washe baki, ya ajiye mini buhu a madafa.

Na buɗe. Tsaga biyu a gefen ƙoƙo.

Kunkuruna ne. In na faɗa, Genfa zai ji cewa ransa da ke iyo a kogi yana kan katakon yanka, kuma ba zai ƙara buɗe baki ba. In na mayar da shi ruwa, me zan ba mutumin da ya nemi abinci karon farko cikin kwana tara? Na fara yanke gefen da ke da tsagar na jefa a wuta. Sauran na dafa da citta da jan dabino, ina dafawa baƙin ciki kamar ya kashe ni.

Genfa ya sha kwano ɗaya, ya lashe cokali, ya kira sunana.

"Qiaoying, kin ji bambanci? Naki bai taɓa yin wannan daɗin ba."

"Na faɗa miki, Mama," in ji Jianbo.

"Albarkar wanda na saka ce," in ji Yaya Yuedi.

Genfa ya juya wajen taga, inda ake hango kogi.

"Ko yana ina yanzu?"

"Ya yi nisa," na ce. "Miƙo kwanon in ƙara maka."