Sajan Mu'az da Furar Hajo

Duk Rogo an san Sajan Mu'az bai taɓa mayar da kwano ba. Ɗan sanda ne mai kirki, amma ko tafasasshiyar gyaɗa aka miƙo masa, hannunsa kan riga bakinsa amsawa. To, shi aka zaɓa zuwa aikin wanzar da zaman lafiya a ƙasar waje. A wajen horo aka gaya musu ƙarara: wanda ya karɓi kyauta daga mutanen can, ko ƙwai ɗaya ne, za a koro shi gida.

Tsoron wannan kunya ya sa Mu'az ya fara koyon cewa a'a tun daga gida. Ya ƙi tsire a tasha, ya ƙi rake a garin Yammedi, har aka fara tambayar matarsa Nuriyya ko lafiyarsa ƙalau.

Ranar Laraba ya je Falgore yin sallama da surukarsa Hajo, wadda ba a yi wa furarta gardama. Ya tsuguna nesa, kai a sunkuye. Bayan an gama gaisuwa har shanu sun samu tasu, ta turo masa ƙwarya, man shanu yana yawo a sama.

"Inna, a yi mini afuwa," in ji shi. "Ba zan sha ba."

Hajo ta ajiye ludayi. "Furar ce ta yi tsami, ko mu ne muka yi?"

Mu'az ya ƙara sunkuyar da kai. Ya yi mata bayanin dokar, ya ce gwaji yake yi. "An ce mana, Inna, in kana riƙe da bindiga, abin da talaka ya ba ka ba kyauta ba ne. Tsoro ne."

Hajo ta gyaɗa kai. Shekara ashirin ta yi tana kai nono kasuwa, in ji ta, kuma a wani shingen hanya masu kaki sai sun sha ludayi bibbiyu. Kullum da murmushi take ba su, har su yi godiya. A gida take kukanta.

"Da a ce ɗaya ya taɓa cewa a'a, da har yau ina sa shi a addu'a."

Tausayinta ya kama Mu'az. Amma, a faɗi gaskiya, ya kuma ji daɗi, don ya ɗauka yanzu za ta ce nan ai gida ne, ya sha. Har ya gyara zama.

Hajo ta janye ƙwaryar gabanta.

"Ɗago kai ka kalla, ɗan nan. In ka iya jure wannan, ƙwan mutanen can ba zai kayar da kai ba."

Ta shanye a gabansa, ludayi bayan ludayi, ba ta gaggawa.